Likita ya ce a kwantar da ita, uwar miji ta ce a dawo da ita gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Ƙanwata ce da cikin fari wata 8, kwana biyu tana ta ciwon kai ga fuskarta da hannayenta sun kumbura har zobe ya ƙi fita, muka je awo aka auna hawan jininta (BP) 165/110, aka duba fitsari aka ce akwai furotin, likita ya ce gado za a ba ta kuma in bai sauka ba sai dai a ciro yaron ko ta tiyata. To uwar mijin ta ce sam, kumburin ciki ne kowace mace na yi, a kawo ta gida a ba ta rubutu. Mijin ya rasa ta cewa, ni kuma wlh hankalina ya ƙi kwanciya.

Wata ungozoma: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kar ku bari ta bar asibitin nan. Daga 140/90 ake kiransa hawan jini ga mai ciki, 160/110 kuwa ya kai mai tsanani, ga furotin ga ciwon kai, abin da ake tsoron ya biyo baya shi ne jijjiga. In ta fara tana iya samun shanyewar ɓarin jiki, ƙoda ta tsaya, ko mabiyiya ta ɓalle yaron ya rasu a ciki. Tushen ciwon daga mabiyiya yake shi ya sa maganin ƙarshe haihuwa ce. Za su ba ta na saukar da jini irin su nifedipine, da allurar magnesium sulphate ta hana jijjigar, sannan da wata allura da ke taimakon huhun yaro. In ta ce tana ganin dishi-dishi ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ku kira nas a take, ko tsakar dare ne.

Wata 'yar uwa: Ni ganau ce. An ciro min ɗana bakwaini ya kwanta a kwalba, yau ga shi yana makaranta. Maƙwabciyarmu kuwa da ta faɗi tana taune harshe aka ce aljanu ne aka tsaya hayaƙi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa, Allah Ya jiƙanta.

Wani magidanci: Mijin za ku kama, shi zai sa hannu. Ku nemi babba da Hajiyar ke jin nauyinsa ya je da ita likitan ya yi mata bayani da bakinsa, rubutun ma ai ana iya kai mata har gadon asibiti.

Ungozomar ta ƙara: Na manta, ko ta haihu ba a gama ba fa, jijjiga na zuwa bayan haihuwa, a ci gaba da auna ta har ta yi arba'in. Kunun kanwa a ɗaga mata shi, gishiri ne yana ƙara hawan jinin. In ta sake samun ciki ta fara awo da wuri ta faɗa musu abin da ya faru, akwai ƙaramin asfirin da likita kan rubuta wa irinsu.

Mai tambaya: Na gode Anti, Allah Ya saka. Kawunsu ya yi magana da Hajiya ta yarda, an yi mata allurar, gobe da safe za su sake duba yaron su yanke shawara. Ku sa ta a addu'a.