Wa ke bin bashi, wa ke bibiyarsa? Neman sunan mai damun mutane da waya kan bashin kati

Jama'a, ku taya ni shawara kan wata kalma da ta hana ni sakat. Ina rubutu ne kan koke-koken da masu katin bashi a Amurka ke kaiwa gaban hukuma, sai na ci karo da mutumin nan da Bature ke ce wa "debt collector". Hannuna ya riga kaina, na rubuta "mai karɓar bashi". Da na sake karanta jimlar sai na ga ta kife: "Mai karɓar bashi ya kira ta sau tara a yini ɗaya." Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ɗauka wanda ya ranci kuɗi ne yake damun wadda ta ranta masa. A bakinmu, wanda ya karɓi bashi shi ne wanda ya ci bashi. Ke nan na ba mai nema sunan wanda ake nema.

Shi katin kansa ba ni da rigima a kansa. "Katin bashi" ya zauna daram. Na ji masu cewa "katin lamuni", amma wannan ladabi ne irin na tallar banki, yana lulluɓe abin da ya kamata a gani. "Katin kuɗi" kuma ya cakuɗa shi da katin cire kuɗi, alhali wancan kuɗinka ne kake taɓawa, wannan kuwa na banki kake kashewa, ƙarshen wata a turo maka lissafi. In ka biya duka, shi ke nan. In ka biya ɗan abin da aka ce shi ne mafi ƙaranci, ragowar ta shiga haihuwar ruwa. Tun 1958 da Bank of America ya watsa katinsa a garin Fresno na Kalifoniya, katin da daga baya ya koma Visa, haka tsarin yake tafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kasa biya. A nan mutum uku ne ke iya tsayawa a kan bashi ɗaya, kuma Hausa ta riga ta ba na farkon suna mai kyau: mai bin bashi. "Ina bin ka kuɗi" na nufin kuɗina suna wuyanka, ko da ban taɓa ɗaga ƙafa na bi ka ko'ina ba. To bankin da ya ba da kati shi ne mai bin bashi. Na biyu wani kamfani ne daban da banki ke ɗauka haya, ya riƙa kira da aika wasiƙa, in an biya ya ɗauki kasonsa. Na uku kuma ba haya aka ɗauke shi ba, sayen bashin ya yi kacokan, ya zama nasa. Wani bincike da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta fitar a 2013 ya nuna cewa masu wannan sana'a na sayen bashin dala ɗaya a kan kusan santi 4 (santi 100 ke yin dala ɗaya). Ka ga wanda ya sayi dala a santi 4, ko rubu'i ya samu ya ci kasuwa.

Wani zai ce ai duk kanwar ja ce, a kira su masu bin bashi a huta. Ba za a huta ba, domin doka ta raba su, kuma wanda bai san rabon ba bai san haƙƙinsa ba. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1977 kan ladubban neman biyan bashi ta hana kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Ta hana zagi da barazana, ta hana mutum ya yi ƙaryar cewa shi lauya ne ko jami'in gwamnati, ta hana a fallasa bashin mutum ga maƙwabta ko abokan aikinsa. Ta tilasta a aiko da takardar bayanin bashin cikin kwana 5 da tuntuɓar farko, ta kuma ba wanda ake nema kwana 30 ya musanta a rubuce, kuma in ya musanta dole a dakata har sai an kawo shaida. Amma duk wannan takunkumin a bakin na biyun nan aka fi sa shi. Bankin da ke neman kuɗinsa da kansa, da sunansa, galibi wannan dokar ba ta hau kansa ba, wasu dokokin ne ke kula da shi.

Na ukun ma sai da aka je Kotun Ƙoli a kansa. A shari'ar Henson da Santander ta 2017, tambayar ita ce ko kamfanin da ya sayi bashi yana nema wa kansa ya shiga ma'anar da doka ta yi wa mai neman bashin da wani ke bi. Alƙalai suka zauna suna auna nahawun kalma guda, daga ƙarshe gaba ɗayansu suka ce a ƙarƙashin wannan ɓangaren na ma'anar bai shiga ba, tunda ba na wani yake nema ba, nasa ne. In manyan alƙalai za su ɓata yini a kan kalma, mu ma ba laifi mu ɓata dare.

Ga abin da aka turo mini zuwa yanzu.

Wani ɗan'uwa ya ce a ƙara wasalin "o" kawai, a ce "mai karɓo bashi", tunda karɓowa na nuna an je an amso an kawo wa mai shi. Yaya, tunanin ya yi, kuma da ni ma can na nufa. Sai dai saurari labarai ka ji: "gwamnati za ta karɓo bashi daga waje." Ma'anarsa ciyowa. Ramin da muka gudu shi muka sake faɗawa.

Wata Malama ta kawo "mai ƙwato bashi", ta ce haka 'yan jarida ke faɗa. Gaskiya ne, Malama, kuma ba shi da harshen damo, kowa ya ji ya san inda kuɗin suka nufa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne ƙwatowa ta riga ta yanke hukunci. Ba a ƙwato abu sai wanda aka tabbatar haƙƙi ne da wani ya danne. To hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, wadda ta fara karɓar ƙorafi kan katin bashi a 2011, kan masu neman biya kuma a 2013, ƙorafin da ya fi yawa kan masu neman biyan shi ne ana neman mutum da bashin da ba nasa ba: ko ya riga ya biya, ko an yi amfani da sunansa an buɗe kati, ko sunansa ya yi kama da na wani. Bashi in ya sauya hannu sau biyu sau uku, takardunsa kan zube a hanya, ya rage sai suna da lambar waya da adadi. Ta yaya zan rubuta "mai ƙwato bashi ya kira shi" game da mutumin da bai taɓa cin bashin ba? Na riga na mai da shi mai taurin bashi tun bai buɗe baki ba.

Wanda ya ce "mai tatsar bashi" kuwa ya ba ni dariya, don na san daga zuciya ta fito. Amma wannan ma hukunci ne, ta ɗaya ɓangaren. Akwai masu yin aikin bisa ƙa'ida, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, wata rana kai ne za ka so a nemo maka naka. "Wakilin mai bin bashi" daidai ne a ma'ana, sai dai ya yi tsawo, kuma kafin ka gama faɗarsa a kanun labari numfashi ya ƙare.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "mai bibiyar bashi". Tushensu ɗaya da "bi", amma ninkin ya sauya komai. Bin bashi matsayi ne, kana kwance a ɗaki ma kana bin mutum. Bibiya kuwa aiki ce: kira yau, saƙo gobe, wasiƙa jibi. Kuma ba ta ce bashin gaskiya ne ba, ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta yabi mai yi ba, ba ta zage shi ba. Jam'i ya zo da sauƙi, masu bibiyar bashi, sana'ar kuma bibiyar bashi, kamfanin kuma kamfanin bibiyar bashi. Har ma ta bar mana wurin da za mu ajiye laifin in an yi shi: bibiya halas ce, in ta wuce gona da iri ta zama tsangwama. Ƙa'idar da CFPB ta fara aiki da ita a ƙarshen 2021 kusan wannan iyakar ta zana, inda ta ce kiran da ya haura sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi guda ana ɗaukarsa tsangwama ne sai in an nuna akasin haka.

Na uku kuma a bar shi da "mai sayen bashi". Ba ya buƙatar ado.

Akwai wata da ta biyo baya, tunda mun taɓo sayarwa. A Amurka in bashin kati ya kai kwana 180 ba a biya ba, banki kan rubuta shi a littafinsa a matsayin asara. Na ga an fassara wannan da "an yafe bashin" ko "an soke bashin", kuma wannan kuskure ne mai iya jefa mutum cikin wahala, don bashin na nan a wuyansa, yanzu ma aka fara miƙa shi ga masu bibiya ko a sayar. Ina ganin "bashin da banki ya fid da rai" ya fi kusa, ko da yake ban gamsu da shi ɗari bisa ɗari ba, tunda wanda ya fid da rai ba ya sa a yi ta kira.

Ga jimlar gwaji, ku karanta da ƙarfi ku ji ko ta yi tuntuɓe a harshe: "Bayan banki ya fid da rai da bashin katin, sai ya sayar wa mai sayen bashi, shi kuma ya ɗauki kamfanin bibiyar bashi, suka yi ta kiran matar har wurin aikinta, ita kuwa ta kai ƙorafi cewa ba wanda ke bin ta ko santi." Rabin farkon ne nake jiran gyaranku a kai.