Ƙarin kuɗin filin jirgi: abin da aka tattauna

1. Kusan kowa ya yarda fasinja ne ke biyan ƙarin, domin kamfanin jirgin sama cikin tikiti yake cusa shi.

2. Masu gajeriyar tafiya sun fi jin jiki. Galibi harajin da ake ɗora wa kowane fasinja ba ya duba nisa, kuma ƙaramin jirgi kujerun da za su raba kuɗin da ake biyan filin jirgi na sauka kaɗan ne. In riba ta ƙare, sai kamfani ya daina zuwa garin gaba ɗaya. Wannan ya fi damuna.

3. A duba rabe-raben kuɗin tikiti kafin biya. Wanda ya fasa tafiya ya nemi a mayar masa da harajin.

An rabu kan dalilin ƙarin: wasu sun ce gyaran titin jirgi sai da kuɗi, wasu suka ce a nuna aikin tukuna.