Ƙaton faifan birki zai sa mota ta tsaya da wuri?

Direban Dare:
Assalamu alaikum. Masana inji, ina da tambaya. Motata ƙarama ce, faifan birkinta na gaba milimita 280 ne. A hanya miƙaƙƙiya birkin lafiya lau yake kamawa. Amma idan na shiga doguwar gangara ɗauke da kaya, can tsakiya sai in ji feda ta yi laushi tana nitsewa, ga warin ƙauri ta taga. Bakaniken da ke duba min ita ya ce in sa faifai mai milimita 320, wai da na taɓa za ta ƙame. Shin girman faifai yana rage nisan da mota ke ci kafin ta tsaya, ko asarar kuɗi zan yi?

Injiniya Mai Sifana:
Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka ya haɗa abu biyu ne a wuri ɗaya, bari mu raba su.

Idan noti ya ƙi kwancewa, me ake yi? A zura faif a hannun sifana. Ƙarfin mutum bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga notin ne ya ƙaru, sai ƙarfin murɗawa ya ninka. Haka birki yake aiki. Fata biyu suna matse faifai, gugar da ke tsakaninsu tana hana shi juyawa, kuma gwargwadon nisan wurin da suka kama daga tsakiyar faifan, gwargwadon ƙarfin murɗawar da suke samarwa.

Ga lissafi da alƙaluman misali. A ce ka taka sosai, man birki ya tura fistin da ke matse fatun da ƙarfin niyuton 18,000 (niyuton ma'aunin ƙarfin turi ne). Ma'aunin gugar fatar birki ta yau da kullum yana wajajen 0.4, kuma fuska biyu ake kamawa; ninka 18,000 da 0.4, sannan da biyu, ka ga niyuton 14,400 ke nan. Tsakiyar fatar tana kamar santimita 11 daga tsakiyar faifai, wato ƙarfin murɗawa ya kai kusan niyuton-mita 1,600. Raba shi da nisan tsakiyar taya zuwa ƙasa, a ce santimita 31, za ka samu niyuton 5,000 da ɗoriya a inda taya ke taɓa kwalta.

To, nawa kwaltar za ta iya ɗauka? Mota mai kilo 1,500 idan ta ci birki, nauyinta gaba yake komawa, kowace tayar gaba ta ɗauki kamar kilo 525, wato wajen niyuton 5,150. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, gugar tana wajen 0.8, abin da zai ba ka niyuton 4,100 kacal. Kenan birkin da ke jikin motarka yanzu ya riga ya fi ƙarfin tayar. Kana iya kulle ta da ƙafarka yau ɗin nan. Ka sa faifan 320, abin da za ka samu shi ne ta kulle da ka ɗan taka feda kaɗan, amma daga gudun kilomita 100 a awa dai mita 49 ɗin nan ko makamancin haka za ka ci, ban da wanda ka ci kafin ƙafarka ta isa feda. Taya ce ke tsayar da mota. Ni da za a tambaye ni, kuɗin faifan gara a zuba shi a taya huɗu masu kyau.

Hajiya Malamar Fizik:
Injiniya ya yi bayani, sai dai ka da Malam ya ɗauka babban faifai ba shi da amfani. Birki ba ya ɓatar da ƙarfin gudu, mayar da shi zafi yake yi. Wannan mota mai kilo 1,500 a gudun 100 tana ɗauke da kusan jul 580,000 (jul ma'aunin makamashi ne), kuma akasarinsa cikin faifan gaba yake shiga a 'yan daƙiƙu. Ninka gudu sau biyu, zafin ya ninka sau huɗu. A gangara kuwa zafin ba ya yankewa, don nauyi na ta turo motar. Faifai mai girma ƙarfensa ya fi yawa, yana daɗewa kafin ya ɗau zafi, iska kuma ta fi samun wurin hura shi. A nan yake biyan kuɗinsa.

Tsohon Bakanike:
Ranki ya daɗe, haka ne. Amma ku lura da abin da ya ce: feda ta yi laushi. Idan fata ce ta ƙone, feda tana nan da tauri, kana takawa motar na ci gaba da tafiya. Idan ta nitse kuwa, mai ne ya tafasa. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai ya haura digiri 205 na Salshiyas kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne da 155. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututu, kumfa kuwa matsuwa take yi, ƙafarka ta tafi ƙasa a banza. Ɗana, yaushe rabon da a juye maka man nan gaba ɗaya? Ba ƙari ba, juyewa. Sannan ka riƙa sauka da ƙaramar giya inji ya riƙe motar, ka daina ɗora ƙafa a feda tun daga sama har ƙasa.

Direban Dare:
Baba, tun da motar ta zo hannuna ƙari kawai ake yi. Injiniya, idan bayan juye man na ga har yanzu ina son babban faifan fa?

Injiniya Mai Sifana:
Sai ka fara auna ko zai shiga cikin wilinka, don kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fatun birki, za ta matsa waje da santimita 2. Kuma ka sani kamfani ya daidaita rabon birki tsakanin gaba da baya ne da faifan 280. Ka ƙara wa gaba kaɗai, tayun gaba za su kai iyakarsu baya bai gama ba da nasa ba, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ta shiga da wuri, nisan tsayawar ma yana iya ƙaruwa kaɗan. Ka duba murfin tankin man, an rubuta irin wanda motar ke sha, shi za a zuba.