Lambar bibiyar kaya daga Jidda zuwa Kano

Baƙuwar Jidda: Assalamu alaikum. Makonni biyu ke nan da na aika wa mahaifiyata dabino da abaya zuwa Kano ta gidan waya, amma tun ranar da shafin bibiya ya nuna kayan sun bar Saudiyya, bai sake cewa komai ba. Shin me lambar da ke kan rasit take nufi, kuma wannan shirun abin damuwa ne?

Ɗan Madina: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lambar gidan waya ta ƙasa da ƙasa gurbi 13 gare ta. Haruffa biyu na farko suna nuna irin hidimar, sai ki duba na farkonsu: E na EMS ne, wato aike mai sauri, R na rajista, C kuma na ƙunshin kaya. Sai lambobi takwas na kayanki, ta tara kuwa daga waɗannan takwas ake lissafa ta, domin kwamfuta ta gane idan an yi kuskure wajen rubutawa. Haruffan ƙarshe na ƙasar da aka aiko ne, don haka naki SA za ki gani.

Mai Shago a Makka: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Lambar ba ta bin kaya a hanya kamar na'urar nuna wuri. Sai ma'aikaci ya haska zanen layukan da ke jikin kwalin sannan shafin ya sauya, shi ya sa kwanakin jiran kwastam sukan wuce shiru. Ki gwada lambar a shafin NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, kuma ki adana rasit ɗin, domin da shi ake shigar da ƙorafi.

Baƙuwar Jidda: Allah ya saka da alheri. Tawa da C ta fara, yanzu zan tura wa ƙanena ita ya je ya tambaya.