Shawara: in sayi bindigar farauta .264 Magnum ɗin nan ko in bi wadda kowa ke riƙewa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aiki ya kai ni Houston a Amurka, yanzu ina gida Katsina hutu, ƙarshen wata zan koma. Wani dattijon Bature da muke aiki tare zai yi ritaya yana sayar da bindigarshi, Winchester Model 70 mai cin harsashin .264 Winchester Magnum, har da madubin hange a kanta, dala 900 ya ce. Na harba ta, wallahi ta kwanta min a rai. Matsalar harsashin ne, shagunan da ke kusa da ni ba su ajiye shi, wani yaron shago ma bai taɓa jin sunan ba, alhali .30-06 da 7mm Remington Magnum ko ina ka shiga ga su nan. Barewa zan nema a yammacin Texas, fili ne fetal, harbin mita 250 zuwa 300, kuma kakar farauta tana buɗewa farkon Nuwamba. Takarduna sun cika, can za ta zauna ba gida zan kawo ta ba. Wanda ya taɓa riƙe bindiga mai wuyar harsashi don Allah ya faɗa min yadda suka ƙare.

Baban Zabi:
Wa alaikumus salam ɗana. Sayi bindiga mai baki biyu, mai cin harsashi lamba 12, ka huta. Ni da ita nike kakkaɓo zabi tun kana goye, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Injiniya KT:
Baba mita 300 fa ya ce. Mai baki biyu in ta wuce mita 50 sai dai ta tashi barewa daga barci. Ɗan Marusa, wannan harsashin naka ya fito ƙarshen shekarun 1950, ya yi tashe na ɗan lokaci, sai Remington suka fito da 7mm Magnum a 1962 ta kwashe mishi kasuwa, shi ya sa yau kake wahalar nemanshi. Kuma an san shi da cin bututu, alburushi mai yawa ne ke fita ta ƙaramin rami, zafin yana cinye maƙogwaron bututun da wuri. Ni dai .30-06 zan ce, tun 1906 ake yin ta har gobe.

Na Gobarau:
Dala 900?? Ya haura miliyan ɗaya fa. Ka zo in raka ka kara ta Mai'adua mu ɗauro raguna, ba gudu ba ƙaya, nama har ka gaji 😂

Kawu Rafindaɗi:
Ɗana zauna ka ji. Ni wannan ciwon a jikina yake. Shekarun baya na sayi mai baki biyu ƙirar Beljiyam a hannun magadan wani tsohon ma'aikacin En'e, lamba 16 ce ba 12 ba, an yi mata zane a jikin ƙarfe, ba nauyi, in ka ɗora ta a kafaɗa kamar da ita aka haife ka. Na yi lasisi da sunana komai a kan ƙa'ida. Lokacin dilan da nike sayayya wurinshi a Kano yana kawo 16 jefi-jefi, rannan sai ya ce ya daina, wai kwali ɗaya sai ya shekara a shago ba wanda ya tambaya, ba zai ɗaure kuɗinshi saboda mutum ɗaya ba. To daga nan wahala ta fara. Wani ya zo da daɗin baki ya ce zai kawo min daga Legas, ya karɓi kuɗin kwali huɗu, sai da damina ta wuce ya kawo biyu, tsoffi masu jikin takarda, kwalin duk ya yi tabon ruwa. Ya rantse lafiyarsu lau.
Muka fita da asuba wata fadama wajen Jibiya, na kwanta cikin ciyawa sanyi na ratsa ni, ga ɗinya sun sauko gabana ina ganin jan bakinsu, na ja kunama, ƙyas. Na ja ta biyu, ƙyas. Suka tashi suka bar ni da baki buɗe. Na karya bindiga, takardar harsashin ta kumbura ta liƙe ciki, sai da na yanko kara na zura ta baki na turo su. Abokin tafiyata da tsohuwar 12 ɗinshi da aka ɗaure da waya ya koma gida da uku. Na koma wurin mutumin ya ce ai ajiyata ce ba kyau, sauran kwali biyun kuwa har yau ana kawowa. Bindigar tana nan cikin akwati ina shafa mata mai duk wata, masu taya ta suna jin 16 sai su ce za su dawo.

Ummaru Batagarawa:
Allah Ya isar maka Kawu. Ba ka gwada sa mata na 20 ba?

Kawu Rafindaɗi:
Kul! Kar in sake jin wannan. Na 20 ya fi na 16 ƙanƙanta, kuma ƙaramin harsashi yana iya zamewa ya maƙale cikin bututu, ka manta ka ɗora wani ka harba, bututun ya fashe a hannunka. Kowace bindiga abin da aka rubuta a jikinta shi za ta ci.

Ummaru Batagarawa:
To ai ko 12 ɗin yanzu ba a magana. Kwali mai 25 dubu 60 aka ce min.

Baban Zabi:
Wa ya ce maka? An yanke ka. Dubu 35 na sani.

Ummaru Batagarawa:
Baba yaushe rabonka da saye?

Na Gobarau:
Baba farashin zamanin Shagari yake ba mu 😂

Ɗan Ƙofar Marusa:
Kawu na ji tausayinka wallahi, amma can akwai oda ta intanet, na ga kwali mai 20 wajen dala 70, na .30-06 kuma bai kai rabin haka ba.

Likita Funtua:
Ni dala 50 da ɗan wani abu na gani, amma duk inda ka ga arha za ka ga an rubuta ya ƙare, kamfanonin lokaci-lokaci suke buga shi. Ƙanena, ni na zauna can kuma na yi farauta, ga abin da za ka yi. Kafin ka ba da ko sisi ka kai ta wurin maƙerin bindiga ya leƙa cikin bututun da 'yar kyamararsu, in maƙogwaron ya tsattsage ka bar mishi abinshi don canjin bututu zai ci kusan kuɗin bindigar. Ka auna tsawon bututun, na asali inci 26 ne, in gajere ne ƙara da wuta kawai za ka samu, gudun da ake yabon ta da shi ya ragu. Sannan ka tambayi dattijon ko da kanshi yake ɗura harsashi, yawancin masu irin wannan haka suke, in ya haɗa maka da kayan ɗurin da kwanson da ya tara to ka gama, don ƙwayar 6.5mm ce kuma tun da harsashin 6.5 Creedmoor mai irin wannan ƙwayar ya yi kasuwa ƙwayar ta cika gari. Mai neman barewa a shekara kwali biyu sun ishe shi har da gwaji.

Baban Zabi:
Duk wanga turanci ne. Injiniya ko zomo bai taɓa feɗewa ba, waya ce ke ba shi amsa. Maharbi kusantar nama yake, ka bi iska, ka ja ciki, har ka ji tana tauna. Wanda zai tsaya mita 300 ya harba ai tsoron dawa yake.

Injiniya KT:
Ranka ya daɗe ban yi musu ba ka fi ni sanin dawa, amma ka taɓa riƙe irin bindigar da yake magana? Tambayar kenan.

Baban Zabi:
Kai ka taɓa?

Na Gobarau:
An zo wurin 😂 Ɗan Marusa na ji an ce aladen daji sun addabi Texas, in ka yi bisimilla ka harba ka je ka tarar da alade wa za ka kai ma?

Malam Sani Kusugu:
A bar wasa da wannan. Ka tabbatar da abin da kake harbi, ka ambaci sunan Allah, in ka iske ta da rai ka yanka. Kuma madalla da ka ce ba za ka kawo ta gida ba. Dokar makamai ta 1959 ba wasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar, kuma a 2023 aka sanar da dakatar da ba da sababbi.

Kawu Rafindaɗi:
Malam ko kana da lasisin ina za ka? Dajin Rugu da muka taso muna kwana ciki, yau wa ya isa ya doshi Batsari ko Safana da bindigar farauta a kafaɗa? Waɗanda ke ciki ba su nemi takardar kowa ba, mu masu takarda mu ake tarewa.

Ummaru Batagarawa:
Wallahi Kawu. Bara muna dawowa da zabi biyu da kurege aka tsayar da mu a wani shinge, na miƙa takarda mutumin ya riƙe ta a juye yana kallona, muka zauna a rana har la'asar sai da mai unguwarmu ya zo ya tsaya mana. An sake mu, zabin dai ba su biyo mu ba.

Baban Zabi:
Kuma naman ma ina yake? Yaran ga masu farautar gayya su cika mota da karnuka su banka ma daji wuta saboda gafiya, ƙwan zabo da na fakara duk su ƙone, gonar mutane ma ba su bari ba. Da sai Sarkin Baka ya ba da izini ake fita, yanzu wa ke tambayarshi?

Injiniya KT:
Nan kam Baba muna tare. Amma ba yaran kaɗai ba ne, masu gawayi fa? Buhu nawa ke shigowa gari kullum?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Jama'a Baturen ya sake turo saƙo wai wani ya taya. Likita, in babu kayan ɗurin fa, in saya ko in bari?

Ummaru Batagarawa:
Injiniya kar ka taɓo masu gawayi, gas nawa ne kilo yanzu? Da me kake so mata su yi girki?