Ba yunwa ke kai ni ba: ku mene ne ke karya muku niyya?

Ma'aikaci, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage ci, in riƙa tafiyar ƙasa. Sati biyu na yi ina bi, sai na koma ruwa. Da na zauna na duba, majalisa ce matsalata. Bayan Isha'i muna zama ƙofar gidan wani abokinmu, mai nama na gefe, ƙamshin yaji na bugo hanci, wani ya ce a yanko balangu, kowa ya sa hannu. Alhali na ci tuwo kafin in fito. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi, abin da ya faru da shi da kansa.

Malamar makaranta, Arkilla: Wa alaikumus salam Malam. Ni kunya ce ke ciyar da ni. Gidan biki ko suna, ka ce ka ƙoshi, uwar gida ta ce "ko mun yi laifi ne?" Shi ke nan ka zauna wa masa da miyar taushe. Akwai Asabar ɗin da na shiga gida uku, kowanne na ci. Yanzu kafin in fita nakan kwaɗa zogale in ci, in je da cikina ba wayam ba. In an kawo kwano ba na mayarwa, loma biyu uku, sai in ce a juye min in kai wa yara. Ba wadda ta taɓa jin haushi. Lemon kwalba kuwa na bar shi tun ranar da na karanta jikin robar: ƙaramar nan ta rabin lita, sukarin cikinta ya haura gram 50, fiye da cokalin shayi 10.

Mai shago, Sabuwar Kasuwa: Hajiya taki mai sauƙi ce, biki ba kullum ba ne. Mu abinci ke biyo mu har bakin shago. Mai ƙosai ta wuce, mai ɗanwake ta zo, azahar mai fura ta sauke ƙwarya. Abin da na lura, ranar da kasuwa ke ci sai in kai la'asar ban tuna da ciki ba. Ranar da babu ciniki kuwa, ka zauna kana kore ƙuda kana lissafin bashin da ke kanka, duk wanda ya gitta da tire sai ka kira shi. Yanzu daga gida nake zuwa da kwanona, canji kuma yana hannun yaron shago, na ce ko na tambaya don ciye-ciye ya hana ni. Yaron nan yana jin daɗin wannan aikin fiye da kima.

Ɗalibi, Gawon Nama: Yaya, ni wajen motsa jiki zan yi magana. A garin nan namu na Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, duk wanda ya ce zai fita gudu bayan rana ta ɗaga yaudarar kansa yake. Lokacin ɗaya ne, bayan Asuba. Kuma inda nake faɗuwa na san shi: in na dawo masallaci na ce bari in ɗan kishingiɗa minti biyar, ranar ta tafi. Sai na koma tafiya masallacin da takalmin gudu a leda, ana sallamewa in miƙe zuwa wajen filin wasa na Giginya, ban leƙa ɗaki ba. Hunturu ya zo da nasa uzurin, sanyi da ƙura, nan ma sai da aboki mai ƙwanƙwasa ƙofa. Waya ce babbar abokiyar gaba. In na kai ƙarfe ɗaya ina latsawa, gobe ba gudu, kuma yini zan yi ina neman abu mai zaƙi.

Uwar 'ya'ya huɗu, Runjin Sambo: Duk kuna maganar waje, mu namu a cikin gida yake. Ba na zama in ci da yawa, wallahi kwanona ƙarami ne. Amma ɗanɗana miya, ƙanzon shinkafa, ragowar wannan yaro, ragowar wancan, don kada a zubar a yi almubazzaranci. Ranar da na gwada tara duk ragowar a kwano ɗaya maimakon in ci, sai da na ji kunya, ya fi abin da na zuba wa maigida. Yanzu kwanon nan almajirinmu nake miƙa wa tun kafin in fara wanke-wanke.

Ɗaya kuma ban cika faɗa ba. In raina ya ɓaci, ba na faɗa da kowa, ɗaki nake shiga da robar cincin. Ba na ma jin daɗinsa, hannu ne kawai ke kai wa baki. Na daina ajiye shi kusa da gado, ya koma can saman kabad inda sai na taka kujera. Sau da yawa kafin in jawo kujerar zuciyar ta sauka. Fita gudu ba namu ba ne, to tsakar gida nake zagayawa bayan Magariba, ni da maƙwabciyata, muna hira. A asibiti sun ce mana minti 150 a sati ake so, muka raba shi minti 30 kwana biyar. In ba ta leƙo ba, gaskiya ni ma zama nake.

Dattijo, Ƙofar Rini: Ɗana, wanga zance naka ban ga laifin majalisa ba, kada wani ya ce ka bar mutane saboda tsire. Ka rage tuwon gida ranar da ka san za a yanka, ko ka zauna nesa da takardar. Hadisi ya raba mana ciki uku, abinci, abin sha, numfashi, mu ne muke ba tuwo duka ukun. Ni azumi ke tona min asiri: yini da ƙishirwa, ana kiran salla in haɗa kunu da ƙosai da soɓo, Tarawihi ta gagare ni tsayuwa. Sai da na koma dabino da ruwa, in yi salla, in dawo. Kafin nan idon ya rage girma.

Ma'aikaci, Mabera: Na gode Baba, na gode kowa. Jiya na gwada. Na goge baki da asuwaki bayan tuwo, na sayi kankana na kai majalisa, na zauna can ƙarshen benci. Sun yi ta tsiya, wai likita ya yi min aure da kankana. Yanka biyu na balangu dai sun shige, na uku hannuna bai kai ba. Ƙanena na Gawon Nama, ƙarfe nawa kuke isa Giginya?