Na'urar numfashi don ciwon firgici

Ummu Sadiq: 'Yan'uwa, na'urar da ake saka wa mai ciwon firgici a hanci, yaya take aiki?

Abu Hafsa: Siririn bututu ne ke kai numfashin da mutum ya fitar zuwa na'urar, ita kuma ta auna CO2, wato iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi. Mai firgici kan yi numfashi fiye da kima, CO2 ta ragu, jiri da mutuwar yatsu su biyo. Don CO2 ta dawo daidai, ana atisayen numfashi da na'urar minti 17, sau biyu a rana, mako huɗu. Numfashi 13 a minti a makon farko, sannan 11, 9, 6.

Malama Binta: Hajiya, ki lura: idan aka rage sauri amma ana jan iska da zurfi, CO2 ba za ta tashi zuwa 40 ba, wato matakin da ake so na'urar ta nuna. A ja kaɗan-kaɗan, ta hanci.

Abu Hafsa: Kuma likita ya fara duba zuciya da asma tukuna.